Idan Sikan Ya Nuna Matsalar Mabiyiya: Jagora Ga Mai Ciki Da Iyalanta A Zangunan Kumasi

Mabiyiya ita ce ke riƙe da rayuwar ɗa a ciki. Ta nan iska ke isa gare shi, ta nan yake ci, ta nan kuma dattin jikinsa ke fita. A watannin ƙarshe, jinin da ke ratsa mahaifa cikin minti ɗaya kacal yana kai rabin lita ko fiye, wato cikin ledar fiya-wata guda a kowane minti. Shi ya sa idan mabiyiya ta samu matsala jini ya ɓalle, ba ya jiran a nemo mota, balle a jira maigida ya dawo daga kasuwa. Binciken lafiyar masu haihuwa da aka yi a Ghana a 2017 ya nuna mata 310 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma zubar jini ce kan gaba a cikin dalilan.

Gara in faɗa tun daga farko: babu ƙwaya, babu jiƙo, babu tausa da ke matsar da mabiyiya daga inda ta zauna, ko ya mayar da ita bayan ta ɓalle. Abin da ke hannunmu shi ne rage tazarar da ke tsakanin ganin jini da isa hannun likitan da ke da ɗakin tiyata da jinin ƙari. Duk matakan nan a kan wannan tazarar suke. Wannan rubutu ba ya maye gurbin likitarki. Abin da ta faɗa miki bayan ta duba ki shi ne gaba.

Mataki na 1: Ki san wace iri ce taki

"Mabiyiyarki tana da matsala" ba bayani ba ne. Kada ki tashi daga kujerar ɗakin awo sai kin san sunan abin, domin kowace iri da nata hali.

Ta farko ita ce mabiyiyar da ta zauna a ƙasa, kusa da bakin mahaifa ko ta rufe shi gaba ɗaya. Likitoci na ce mata pilasenta piribiya. Yawanci ana gano ta a sikan, wato hoton ciki, na wajen mako 20. Idan an ce miki haka a wannan lokacin, kada hankalinki ya tashi tukuna: kusan 9 cikin 10 sukan dawo daidai kafin haihuwa, saboda ƙasan mahaifa yana miƙewa yayin da ciki ke girma, sai ya ja mabiyiyar sama. Ana sake dubawa a mako 32, in har yanzu tana ƙasa a sake a mako 36. Wadda ta ci gaba da rufe ƙofar har ƙarshe, kimanin ciki 1 ne cikin 200. Alamarta jini ne ja wur, ba ciwo ba naƙuda, sau da yawa mace na kwance ma sai ta farka ta ga zani ya jiƙe. Rashin ciwon nan shi ke yaudarar mutane.

Ta biyu ita ce ɓallewar mabiyiya daga jikin mahaifa tun ɗa bai fito ba. Tana samun kimanin ciki 1 cikin 100. Ita da ciwo take zuwa: mara ko baya su riƙe, ciki ya yi tauri ya ƙi saki, jinin kuma yakan yi duhu. Abin tsoro a nan, wani lokaci jinin ba ya fitowa waje ko kaɗan, a ciki yake taruwa bayan mabiyiyar. Hawan jini shi ne babban abokin tafiyarta, sai faɗuwa, haɗarin mota, duka a ciki, taba, da kuma wadda ta taɓa samun irin haka a wani cikin.

Ta uku ita ce mabiyiyar da ta kafe a naman mahaifa ta ƙi rabuwa bayan haihuwa, wadda ake kira akirita. Tana son tabon tsohon aiki, wato tiyatar ciro ɗa. Wani babban bincike da aka yi a Amurka aka buga a 2006 ya nuna cewa a cikin matan da mabiyiyarsu ta rufe bakin mahaifa, haɗarin kafewar kashi 3 ne cikin 100 ga wadda ba a taɓa yi wa aiki ba, kashi 11 ga wadda aka yi wa sau 1, kashi 40 ga mai sau 2, kashi 61 ga mai sau 3. Idan kina da tabo a mara kuma an ce mabiyiyarki tana ƙasa, ki tambaya kai tsaye: "Dokta, an duba ko ta kama tabon?"

Ta huɗu kuwa ba ta zubar da jini, shiru take aikinta: mabiyiyar da ta gaza ciyar da ɗa yadda ya kamata. Ɗan ba ya girma, ruwan ciki na raguwa, motsi na yin ƙasa. Hawan jini, ciwon sukari, sikila da zazzaɓin cizon sauro duk suna jawo ta. Ana bibiyarta da sikan na auna girman ɗa da wani da ake kira dofla, mai duba gudun jini a igiyar cibiya.

Ki roƙi ungozoma ta rubuta sunan matsalar a littafin awonki, a shafin da ido zai fara faɗa wa. Idan da Turanci ko Tuwi aka yi miki bayani kuma wani abu ya wuce ki, ki ce a maimaita. Ki tafi da wadda ke jin yaren sosai, ba yarinya ƙarama da za ta ji kunyar fassara maganar jini da kwanciyar aure ba.

Mataki na 2: Ki faɗi tarihinki duka

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aiki nawa aka yi miki, ɓari nawa kika yi, an taɓa yi miki wankin ciki, an taɓa cire miki ƙari a mahaifa, mabiyiya ta taɓa maƙale miki, kin taɓa jijjiga ko hawan jini a wani cikin: duk ki faɗa. Har cikin da aka zubar tun kafin aure, in akwai, domin shi ma yana iya barin tabo. Idan uwar miji ko ƙanwarsa ce ta rako ki, kina da damar cewa, "Hajiya, bari in ga Madam ni kaɗai minti biyu." Sirrinki amana ne a wurin ma'aikaciyar lafiya.

Mataki na 3: Ki tsayar da asibitin da za ki haihu tun yanzu

Ƙaramin gidan haihuwa na unguwa yana da daɗin sha'ani, an san ki, ba dogon layi. Amma mai irin wannan ciki wurinta shi ne inda ake yin aiki dare da rana kuma akwai ma'ajiyar jini. A Kumasi akwai asibitocin gwamnati irin su Manhyia, Tafo, Suntreso da Kumasi South a Atonsu, kuma dukkansu idan abu ya fi ƙarfinsu Komfo Anokye suke turawa, wanda kowa ke kira Gee. Wadda ake zargin mabiyiyarta ta kafe, a ganina bai kamata ta yi ta yawo a tsakani ba: ta karɓi takardar turawa ta koma Gee da awonta tun da wuri, a buɗe mata fayil, likitocin su san da zamanta. A can ne ake da manyan likitocin mata, masu ba da maganin barci, da sashen jarirai bakwaini, har da sabon ginin uwa da jariri da aka buɗe a 2018.

Na san abin da ake faɗa a zango, cewa duk wadda aka tura Gee to abu ya lalace. Akasin haka ne. Wadda ta je da ƙafarta a mako 30 aka tsara mata rana, ba ɗaya take da wadda aka kawo ranga-ranga da ƙarfe 2 na dare ba.

Batun kuɗi: tun Yulin 2008 gwamnati ta sanya kula da masu ciki kyauta a ƙarƙashin inshorar lafiya ta NHIS, kuma mai ciki ba ta biyan kuɗin rajista. Ki tabbatar katinki na aiki. Ana iya dubawa a waya ta *929#. Duk da haka kada a zauna hannu rabbana. Wani magani ko gwaji ko sikan na musamman yakan zama sai an saya a waje. A ware wani abu a MoMo, asusun kuɗi na waya, wanda ba a taɓawa ko da biki ya taso. Mai yin adashi ta roƙi a ba ta kwasarta a watan bakwai.

Mataki na 4: Jini, naki da na ajiya

Nan ne nake so a fi tsayawa, domin nan ne aka fi sakaci.

Mace biyu za su iya zubar da jini daidai wa daida, ɗaya ta tashi, ɗaya ta kasa, kuma bambancin shi ne yawan jinin da kowacce ta shiga ɗakin haihuwa da shi. Ki san lambar jininki. Ana so awon ya nuna 11 ko sama. Ƙasa da haka ƙarancin jini ne. Duk zuwa awo ki tambaya, "Madam, nawa jinina yau?" Ƙwayar ƙarin jini da ake ba ki, ki sha kullum, da ruwa ko da lemun zaƙi. Kada ki haɗa ta da shayi, domin shayi na hana jiki ɗaukar sinadarin; ki bar tazarar awa 2. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai ba ne. Idan tana tayar miki da zuciya, ki mayar da ita dare, ko ki faɗa a canza miki wata, amma kada ki jefa ta ƙarƙashin katifa ki ce kina sha. Idan lokaci ya ƙure kuma jinin bai hau ba, akwai wanda ake sawa ta jijiya.

Abinci na taimakawa: wake, ƙwai, kifi, nama, miyar ayoyo, kontomire, zogale. Amma kada a ce kwanon tuwon zafi da miyar ganye ya isa ya maye ƙwayar. Farar ƙasar nan kuma, wadda ake cewa shile ko ayilo, da ake sayarwa a bakin kasuwa a gasa ta tana ƙamshi, na san yadda take jan ran mai ciki. Tana hana jiki cin moriyar maganin jini, kuma yawan kwaɗayinta shi kansa alama ce ta cewa jinin ya yi ƙasa. Ki faɗa wa ungozoma maimakon ki ɓoye a bakin zani.

Sauro ma ɓarawon jini ne, kuma ƙwayar cutarsa tana son taruwa a cikin mabiyiya. Ki kwana a gidan sauro. Maganin rigakafin da ake ba masu ciki su haɗiye a gaban nas tun daga mako 16, wata-wata, kada ki tsallake shi, sai in gwajin jini da ake kira G6PD ya nuna bai dace da jininki ba.

Sai rukunin jini. Idan naki mai alamar negetif ne, duk lokacin da kika ga jini ana buƙatar yi miki allurar Anti-D, mai hana jininki yaƙar jinin ɗa, cikin awa 72. Ki tuna musu da kanki.

Yanzu maganar maza. Maigida, wannan aikinka ne, ba nata ba. Ka nemo mutum 2 zuwa 4 da za su ba da jini tun kafin ranar buƙata: ƙannenka, abokan majalisa, 'yan bes ɗinku, samarin masallacin unguwa. Wanda ke tsakanin shekara 17 zuwa 60, mai nauyin kilo 50 ko fiye, mai lafiya, zai iya bayarwa. Abin da ake ɗiba mililita 450 ne, jiki kuma na mayar da shi. Ba ya rage ƙarfin namiji, ba ya sa rama. Ba lallai rukuninsu ya zo ɗaya da nata ba, domin ma'ajiyar jini tana musanyawa. Ka je ka tambayi sashen jini na asibitin yadda tsarinsu yake, a bayar a ajiye shaida a cikin littafin awo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan limamin unguwa zai yi sanarwa bayan sallar Juma'a ba tare da ambaton sunan matar ba, wannan sadaka ce da ta kai a tashi a yi.

Mataki na 5: Zaman gida

Ga wadda mabiyiyarta ke ƙasa, doka ta farko: kada komai ya shiga gaba. Babu kwanciyar aure har sai likita ya ce an wuce wurin. Babu matsi, babu tsarki da yatsa zuwa ciki, babu bentuwa, wato famfon da ake ɗura jiƙo ta dubura, komai taurin bayan gida. Kuma kada wata ungozomar gida ko ma'aikaciyar da ba ta san halinki ba ta sa hannu ta ce za ta duba ko ƙofa ta buɗe. Yatsa ɗaya na iya taɓa mabiyiyar ya ɓalle jinin da ba a iya tsayarwa sai a ɗakin tiyata. Ki buɗe baki ki ce, "Mabiyiyata tana ƙasa, an hana a duba ni da hannu." Sikan ɗin da likita ke yi ta gaba da na'ura daban ne, shi ba ya kaiwa wurin, kuma ya fi nuna gaskiyar inda take.

Maigida ya ji wannan daga bakin likita da kunnensa, ya fi sauƙi a kan matar ta isar da saƙon ita kaɗai.

A ajiye aikin ƙarfi: ɗaukar jarkar ruwa, dakan fufu, dogon wanki a duƙe, ɗora kaya a ka daga Kejetia zuwa tasha. Mai sayar da koko ko waake da ke tashi tun ƙarfe 3 na dare tana jan manyan tukwane, ta samu mai riƙe mata sana'ar na 'yan watanni, ko da ribar za ta ragu. Mai aikin albashi kuma ta sani dokar ƙwadago ta 2003 ta ba ta hutun haihuwa na aƙalla mako 12, da ƙarin hutu in likita ya rubuta cewa cikin ya jawo rashin lafiya. Amma hutu ba yana nufin kwanciya ɗauke da safe zuwa dare ba. Kwanciyar da ba motsi tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Ki zaga tsakar gida, ki yi ƙananan hidimominki a zaune. Daga mako 28 ki riƙa kwanciya a gefe, ba rigingine ba.

A gidajen haya irin namu inda bayi ɗaya ne ga ɗaki goma, kada ki shiga wanka ki danna sakata ba wanda ya sani. Ki faɗa wa maƙwabciya, ki ajiye waya kusa. Kada a bar ki ke kaɗai a gida da dare. Tafiya zuwa Tamale ko Bawku ko Nijar don a haihu a gaban iyaye, a wannan cikin a haƙura. Mma ta zo Kumasi.

Magunguna: farasitamol ba laifi. Ibufurofen, diklofenak da haɗe-haɗen ciwon jiki na kantin magani, a bar su. Asfirin ƙarami da ake ba masu haɗarin hawan jini tun daga mako 12 yana da amfani ga mabiyiyar da ke gaza ciyar da ɗa, amma likita ne ke sa shi, shi ne kuma zai ce a tsaya in jini ya fito. Jiƙon saurin naƙuda, irin kalgutim da makamantansa, ga mai wannan matsala guba ne. Addu'a kuwa a yi ta babu ƙaƙƙautawa, a yi sadaka, a roƙa mata a masallaci. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a zaunar da mace tana zubar da jini ana jiran a kawo rubutu. A yi addu'ar a cikin mota. Hukuncin sallarta da azuminta a tambayi malami, shari'a ta yi wa mai ciki rangwame; hukuncin jinin kansa na likita ne.

Ki san motsin ɗanki, lokutan da ya saba da yadda ya saba. Idan ya ragu, ki kwanta a gefen hagu ki ƙirga; in bai kai 10 cikin awa 2 ba, ko kuma zuciyarki ta ce ba haka ya saba ba, ki tafi asibiti a ranar. Mai hawan jini ta samu abin awo a gida. 140 bisa 90 magana ce ta zuwa asibiti a ranar. 160 bisa 110 ta gaggawa ce, haka ma ciwon kai mai tsanani, ganin walƙiya ko dishi-dishi, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da kumburin fuska farat ɗaya.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a sikan. Mace takan kwana ido biyu tana duba zaninta, tana tunanin wa zai riƙe mata yara in ba ta dawo ba. Wata kuma ana jifanta da maganar cewa raki ne, ai kowa ma ta haihu. Ba laifinki ba ne, ba wani abin da kika ci ko kika ɗauka ne ya sa mabiyiya ta zauna a ƙasa ba. Ki samu mutum ɗaya da za ki riƙa faɗa wa tsoronki ba tare da ya ce ki yi shiru ba. Idan barci da cin abinci sun gagara kwana da kwanaki, ki faɗa a wurin awo. Wannan ma ciwo ne da ake dubawa.

Mataki na 6: Mota, jaka da sa hannu

Lambar motar asibiti ta ƙasa ita ce 112. A ajiye ta, amma kada a dogara da ita kaɗai, domin lungunan Aboabo, Sawaba da Sabon Zango ba kowanne mota ke shiga ba. A yi magana da direbobi 2 na unguwa waɗanda za su ɗaga waya da tsakar dare, a nuna musu gidan da rana. Tasi ta fi pragya, keken nan mai ƙafa uku, domin mace na iya kwanciya a baya. Babur kuwa sam. A san hanyar da za a bi in Kejetia ta cushe.

Jaka ta zauna a bakin ƙofa tun daga mako 28: littafin awo, duk takardun sikan, katin inshora da Ghana Card, zannuwa, audugar mata, cajar waya. A san gidan da za a miƙa yara.

Sai maganar da ba a son yi. Mace baliga mai hankalinta ita ke da haƙƙin sa hannu a yi mata aiki. Amma mun san yadda gidajenmu suke: sai a tsaya ana kiran maigida yana kan hanyar Accra, shi kuma ya ce a jira ya ji ta bakin Baba. A yi wannan shawarar yau, kowa na zaune lafiya. Maigida ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da wadda za ta raka matar: "Ko ba na nan, duk abin da likita ya ce a yi, a yi."

Mataki na 7: Ranar da jini ya zo

Ko cokali ɗaya ne, ko ya tsaya da kansa, a tafi. Jinin farko sau da yawa kaɗan ne, gargaɗi ne. Na biyu ne ke zuwa da ƙarfi.

Ki kwanta a gefen hagu. Wani ya kira mota, wani ya ɗauko jaka. Ki sa audugar mata ko tsabtataccen zani a waje kawai, kada a cusa komai. A duba agogo a riƙe lokacin da ya fara. Zannuwan da suka jiƙe a zuba a leda a tafi da su, ko a ɗauki hotonsu, domin da su likita zai ƙiyasta abin da ya zuba. Kada ki ci, kada ki sha, saboda mai yiwuwa a shiga da ke aiki. Kada ki tsaya wanka ko neman mayafin da ya dace. Idan jiri ya kama ki, gumi mai sanyi ya keto, zuciya na bugawa da sauri, a ɗaga ƙafafunki a kan filo, a rufe ki da zani, a ɗauke ki zuwa mota, kada ki taka.

Da isa, mai rakiya kada ta bi layin kati. Ta nufi ɗakin haihuwa ta faɗi abu huɗu da ƙarfi: cikin mako kaza ne, ga sunan matsalar mabiyiyar, jini ya fara ƙarfe kaza, an taɓa yi mata aiki sau kaza. Ciki mai tauri da ciwon da ba ya saki, ko ba ɗigon jini, haka za a yi masa.

Mataki na 8: Kwanciya a asibiti da haihuwa

Idan jinin ya tsaya kuma ɗan bai ƙosa ba, za a iya riƙe ki kwanaki, wani lokaci har zuwa haihuwa. Zaman yana da gundura, ga tunanin gida, amma kada ki sa hannu ki sallami kanki. Tsakanin mako 24 da 34 akan yi allurar da ke ƙosar da huhun jariri, ko da za a ciro shi da wuri.

Mabiyiyar da ta rufe ƙofa ba ta da hanyar haihuwa sai aiki, kuma akan tsara shi wajen mako 36 zuwa 37, kafin naƙuda ta fara. Wadda ta kafe akan yi nata da ɗan wuri, tsakanin mako 34 da 36 ko kaɗan bayan haka, gwargwadon hali. A ɓallewar mabiyiya kuwa yanayin uwa da ɗa ne ke yanke hukunci a take. Idan gefen mabiyiyar ya yi nesa da bakin mahaifa fiye da santimita 2, yawanci ana iya haihuwa da kai.

Ga mai mabiyiyar da ta kafe, likita zai yi maganar yiwuwar cire mahaifa gaba ɗaya. Magana ce mai nauyi, musamman a inda ake auna darajar mace da yawan 'ya'ya, kuma tsoron kishiya na nan a zuciya ko ba a furta ba. Ƙoƙarin ɓamɓare irin wannan mabiyiya da ƙarfi shi ke jawo zubar jinin da ke kashewa, shi ya sa sau da yawa cire mahaifar ne hanyar tsira. Yawanci ana barin ƙwayayen ƙwai, don haka jikinki zai ci gaba da aikinsa na mace, kuma zaman aure ba ya canzawa. Al'ada da ɗaukar ciki ne ke tsayawa. Ki yi duk tambayoyinki kafin ranar: wa zai yi aikin, leda nawa na jini aka tanada, allurar baya za a yi ko barci gaba ɗaya, ina za a kai jaririn. Idan iyali na son a ba su mabiyiyar su binne kamar yadda aka saba, a faɗa tun kafin a shiga. Wani lokaci sai an kai ta ɗakin gwaji tukuna.

Mataki na 9: Bayan an sauka

Haɗarin bai ƙare da kukan jariri ba. Awa 24 na farko su ne mafi zafi, amma jini na iya dawowa har makonni bayan haka. Idan audugar mata na jiƙewa sharkaf cikin awa 1, ko gudaji manya na fita, ko jinin ya yi wari, ko zazzaɓi ya zo, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, a koma asibiti nan take. Masu wankan jego su ji da kyau: ba a danna cikin wadda aka yi wa aiki da tawul mai ruwan zafi, ba a ɗaure shi tamau a kan ɗinki. Ki ci gaba da ƙwayar ƙarin jini na aƙalla wata 3, mai hawan jini kuma ta ci gaba da awo, domin jijjiga na iya zuwa bayan haihuwa. Idan suna ya zo kina asibiti ko jaririn na cikin kwalba, a yanka rago a raɗa suna a gida, taron mata ya jira.

Wadda ta zubar da jini da yawa kuma nono ya ƙi zuwa sam, ga kasala mai tsanani, ko al'ada ta ƙi dawowa bayan an yaye, ta faɗa wa likita, domin zubar jini mai yawa kan taɓa wata ƙaramar halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da ke sarrafa waɗannan abubuwa, kuma ana maganinsa.

Kafin a sallame ki, ki karɓi takardar da ta bayyana abin da aka samu da irin yankan da aka yi wa mahaifar, ki adana ta tare da littafin awo. A ba mahaifa hutu na wata 18 zuwa 24 kafin wani cikin, a zaɓi hanyar tazara tun kafin arba'in. In Allah ya kawo wani rabon, ki fara awo da zarar kin ga ɓatan wata, ki nuna takardar nan a zuwan farko, ki nemi a yi sikan da wuri a ga inda sabuwar mabiyiyar ta zauna da kuma nisanta da tabon.